Yadda Falalu Ya Tashi Korar Shaiɗan Daga N'Djamena

"Ku zama shaida," in ji Falalu, yana dukan ƙirji har shayin da ke hannunsa yana fantsama a kan na kusa da shi, "kafin jirgin alhazai ya tashi bana, ba sauran mai ambaton sunan Shaiɗan a garin nan. Daga Chagoua har Walia, daga Walia har gadar Ngueli, in kuka sake jin an ce Iblis, to ban haifu ba!"

Abokina, gyara zama, domin in ba ka san Falalu ba, ba za ka gane nauyin wannan magana ba.

Falalu mai sayar da butoci da silifa ne a bakin titi a Chagoua. Gajere ne, tumbinsa yana riga shi shiga ɗaki, muryarsa kuma tana riga tumbin. Rawaninsa kuwa, in ya naɗa shi ranar Juma'a, sai ka rantse kwandon tumatir ne ya tashi tafiya da ƙafarsa. 'Yan unguwa suna ce masa Rediyo Chagoua, wasu su ce Ganga Ba Ciki, shi kuma yana ɗauka duk kirari ne.

Kakansa ya baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, tun garin nan ana ce masa Fallomi. Da ya iso bakin kogin Shari sai ya ce bari ya ɗan huta. A cikin hutawar ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki, ya rasu ana kiransa Alhaji Saura Kaɗan. Wannan suna yana ci wa Falalu tuwo a ƙwarya. Kullum cewa yake tafiyar da kakansa ya fara, shi zai ƙarasa ta.

To, ga kuma Alhaji Junaidu, wani attajiri da ya zo daga Kano shekarun baya, wanda kayansa ba sa yankewa a kan gadar Ngueli. Duk shekara yana biya wa mutum ɗaya daga cikin Hausawan gari kujerar Makka, wanda aka shaida ya fi yi wa jama'a hidima. Falalu ya duba ya ga bai taɓa haƙa rijiya ba, bai taɓa share masallaci ba, ko makaho bai taɓa tsallakar da shi titi ba. Sai ya zauna ya ƙirƙiro hidimar da ba wanda ya riga shi.

Haladu mai shayi, wanda a teburinsa aka yi wannan cika baki, ya ajiye butarsa ya ce, "Malam Falalu, zen, magana ta yi kyau. Amma daga ina za ka fara?"

"Daga duk inda yake!"

"To ga Kwanar Shaiɗan can a hanyar Walia."

Kwanar nan, in ka haye gada ka nufi Walia, wata muguwar lanƙwasa ce mai rairayi a tsakiya, da wani kududdufi a gefenta da ba ya ƙafewa ko da rani. 'Yan kilando, wato masu haya da babur, su suka raɗa mata sunan. Duk wanda ya doso ta sai ya sassauta, ya yi a'uzubillahi, ya lallaɓa ya wuce kamar mai ɗauke da ƙwai. Saboda haka ma an daɗe rabon da a ji wani ya faɗi a wurin.

Falalu ya sa Dawuda mai fenti ya rubuta masa ƙaton allo: KWANAR SALAMA. Ya kafa shi a gefen kududdufin, ya tara 'yan kilando da rana tsaka, ya hau kan wani bulo ya fara jawabi.

"Ya ku matasa! Tsoro ne yake kayar da ku, ba rairayi ba. Kun ba wa maƙiyi fili, har da suna, saura ku ja masa lantarki! Daga yau na kore shi. Kwanar nan ta zama tabarma."

Wani daga cikinsu, Salmanu, dogo mai ɗan murmushin mugunta, ya ce, "Baba Falalu, sunan kam ka canza. Rairayin fa, shi ma ka gaya masa?"

"Kai yaro, ba ni babur ɗinka in nuna maka."

"Ka iya kuwa, Baba?"

"Ni? Ina tuƙa babur uwarka tana tallan gyaɗa!"

Gaskiyar magana, abokina, abin da Falalu ya taɓa tuƙawa a duniya shi ne baro, shi ma a kan gangara, shi ma baron ne ya yanke shawarar inda za su. Amma ya tattare riga, ya haye, ya sa aka tura shi can baya don ya samu wurin ɗaukar gudu. Salmanu ya tayar masa, ya fara nuna masa birki.

"Birki na matsorata ne," in ji Falalu, ya murɗa hannu.

Babur ya yi haniniya ya zabura. Rawani ya fara warwarewa yana binsa a baya kamar tuta. Ƙafafunsa biyu suka bar wurin taka ƙafa suka miƙe gefe da gefe. Da ya iso kwanar, hanya ta lanƙwasa abinta kamar yadda ta saba, shi kuwa Falalu ya ga ba dalilin da zai sa ya bi ra'ayin hanya. Ya miƙe sak, ya shige ta tsakiyar allonsa, ya fito ta baya da katakon a wuya. Babur ya kwanta a rairayi ya huta. Falalu ya ci gaba da tafiya shi kaɗai a sama na ɗan lokaci, sannan kududdufi ya karɓe shi, cuɓul!

Kwaɗi suka watse. Can sai ga kai ya ɓullo, baƙi ƙirin da taɓo, da guntun allo a wuya wanda ba abin da ya rage a jikinsa sai SALAMA.

"Wa alaikumus salam," in ji Salmanu.

"Kun gani?" in ji Falalu, yana tofar da gansakuka. "Kun ga yadda ya fusata? Alamar ya ji jiki ke nan!"

Kafin la'asar 'yan kilando sun yi shawara. Kwana dai tana nan Kwanar Shaiɗan. Kududdufin kuma, da can ba shi da suna, ya zama Tafkin Ƙanen Shaiɗan. Wuri ɗaya Falalu ya je gogewa, ya dawo ya bar biyu.

Da ya isa gida, matarsa Lubna ta dube shi tun daga kai har ƙafa, ta toshe hanci.

"Baban Bahijja, kifi ka je kamawa ko kifi ne ya kama ka?"

"Jihadi na je."

"To jihadin ya tsaya a waje, a watsa masa ruwa tukuna."

Da wani ne, da ya haƙura. Falalu kuwa, bayan ya yi jinyar ƙugu, ya fito yana ɗingishi yana cewa wancan share fage ne. Bai yi nisa ba idonsa ya faɗa kan allon Ummaru mai gashin nama, can kusa da kasuwa. A jikin allon an zana wani jan halitta mai ƙaho biyu da wutsiya, yana washe haƙora, riƙe da tsinken tsire. A ƙasa an rubuta da Faransanci, *Chez le Diable*, wato Gidan Shaiɗan, saboda yajin Ummaru in ka ci sai ka tuna zunubanka.

Falalu ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Ummaru! Musulmi ɗan Musulmi, ka kafa hoton la'ananne a kan abincin mutane?"

Ummaru ya juya nama ya ce, "Malam, ado ne kawai. Tun da aka kafa shi bai taɓa cin ko yanka ɗaya ba."

"A goge shi yau!"

"In an goge, me za a sa? Allo ba ya zama ba fuska."

"A sa fuskar mutumin kirki."

"Wa ke nan?"

Falalu ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya duba gabas ya duba yamma, kamar mai neman wani. Bai samu kowa ba. "To," ya ce, "tunda kun matsa."

Aka kira Dawuda mai fenti. Aka sauke allo, aka ajiye wa Falalu kujera a gabansa. Ya zauna ya ɗaga haɓa, ya kumbura kamar talotalo, yana ba da umarni ba tare da ya motsa wuya ba.

"Ƙara hasken goshi. A ga alamar sujada. Hancin nan ka rage shi, ba haka yake ba, rana ce ta kumbura shi."

Dawuda ya ce, "Malam, ƙahonin nan sai an kankare su tukuna, in ba haka ba..."

"Ba ni da lokacin kankara. Rufe su da rawani. Ka yi shi babba."

Dawuda ya rufe ƙahoni da farin fenti, ya naɗa wa hoton rawani har ya kusa fita daga allo. Ya mai da wutsiya carbi. Fuska kuwa ta fito Falalu sak, har da ɗan wushiryarsa. Da ya zo kan rubutun ƙasa, sai ya ɗaga buroshi ya ce, "Saura wannan. In goge ko?"

Ka san Falalu bai san Faransanci ba sai *bonjour*, shi ma da yamma yake faɗinsa. Amma ga mutane sun taru. Ya ƙanƙance ido, ya motsa leɓe kamar mai karatu.

"Bar shi. Ai cewa aka yi nama mai daɗi."

"Malam, ba haka..."

"Kai! Ni za ka koya wa Faransanci? Ni da na taɓa sayar wa Bafaranshe buta, muka yi ciniki har ya ce na fi shi iya harshen?"

Dawuda ya dubi Ummaru. Ummaru ya dubi wuta, kafaɗunsa suna rawa. Aka ɗaga allo aka mayar.

Kwana biyu Falalu yana kai da komo a gaban wurin, yana tsayar da mutane. "Kun gane wannan bawan Allah?" Masu karatun lakwal, wato boko, su duba hoto, su duba rubutu, su duba Falalu, su ce, "Sahi, Malam, shi ne. Mun daɗe muna zargi." Shi kuma ya ce musu madalla.

Sai Allah ya kawo ruwan farkon damina. Aka kwana ana yi. Da gari ya waye, farin fentin nan na arha ya zube, sai ga jajayen ƙahoni biyu sun huda rawani sun fito, tsaf, kamar an shuka su. Carbin ma ya wanke daga ƙasa, ya koma wutsiya. Fuska kuwa, da yake Dawuda ya yi ta da fenti mai kyau, ko gezau.

Kai, abokina! Ranar Ummaru bai taɓa ciniki irin nata ba. Mutane daga Ngueli, har da na Kusiri a tsallaken gada, suna zuwa su ɗauki hoto da waya. Kafin azahar hoton ya shiga kowace waya a gari. Masu saye suna cewa, "Ummaru, a ba ni na Falalu, mai ƙaho biyu," wato a ninka yaji. Falalu ya zo a guje, yana haki, ya ce a sauke allo.

Ummaru ya ce, "Haba Malam. Kai da bakinka ka ce a bar shi. Ga shaidu."

A nan ne Haladu mai shayi ya ja shi gefe ya fassara masa rubutun a kunne. Falalu ya yi shiru, irin shirun da ba a taɓa ji daga gare shi ba tun ranar da aka yi masa kaciya. Daga ranar Rediyo Chagoua ya mutu, aka haifi Falalu Diyabul, wato Falalu Shaiɗan.

Ya koma gida ya kwanta ruf da ciki. Lubna ta zauna a bakin gado tana tsince shinkafa.

"Baban Bahijja, ka bar abin nan haka. Bahijja ta dawo daga lakwal tana kuka, wai ana tambayarta ko ita ma tana da wutsiya. Butocinka na can rana tana cinye su. Makka in Allah ya kira ka, za ka je."

"An ce nan da kwana uku Alhaji Junaidu zai faɗi sunan wanda ya zaɓa," in ji Falalu daga cikin matashi. "Abu ɗaya nake nema, babba, wanda zai gani da idonsa."

"Ka rufa mana asiri. Mutumin da ko bunsurun Goggo ba zai iya tsayawa gabansa ba, shi ne zai..."

Ta kama bakinta, amma ina! Falalu ya riga ya tashi zaune.

"Iblis!" ya ce, idonsa yana ƙyalli. "Na manta da Iblis!"

Goggo Hidaya ƙanwar mahaifin Lubna ce, tsohuwa mai lambun kuɓewa a Walia. Tana da wani baƙin bunsuru da uwarsa ta mutu ta bar shi, ta raine shi da hannunta har ya zama abin da ya zama. Girmansa ya kai ɗan maraƙi. Ƙahonsa ɗaya ya kalli sama, ɗaya ya kalli duk wanda tsautsayi ya kawo. Warinsa yana sallama kafin ya iso. Ya taɓa cinye mayafin amarya tana sanye da shi, ya taɓa korar masu gyaran wayar lantarki har suka kwana biyu ba su dawo ɗaukar tsaninsu ba. Mutanen Walia ne suka taru suka sa masa Iblis, ba wanda ya yi gardama, har shi kansa.

Washegari Falalu ya haye gada, ya durƙusa gaban Goggo.

"Goggo, na zo in yi wa bunsurunki suna. Daga gobe sunansa Natsattse."

Goggo ta daina yankan kuɓewa, ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, lafiyarka kuwa? Kai ne na cikin waya mai ƙaho?"

"Sharrin maƙiya ne, Goggo."

"To ka ji. Dabban nan ba ya jin kowane suna sai nasa. Shi ma sai an haɗa da lallashi, don a shagwaɓe ya tashi. In ya taso maka, ka kira sunansa, ka ba shi haƙuri, ka yabe shi, sai ya kwanta. Ban da haka, ko sojoji ka kawo, mafi, aikin banza ne."

"Ni in lallashi akuya? Goggo, kallo ɗaya zan yi masa."

"Allah ya ba da sa'a. Ni dai zan dama kunu, ko na suna ko na jinya."

Falalu bai yi abin da wasa ba. Ya aika wa Alhaji Junaidu da dattawan unguwa goron gayyata. Ya yi hayar lasifika mai ƙarfi, aka ɗaure ta a kan bishiyar darbejiya a ƙofar gidan Goggo, irin wadda in an yi tari a cikinta sai an ji a tsallaken kogi. Makirfon ɗin kuma ƙarami ne marar waya, ya sa aka maƙala masa a wuyan riga, don hannayensa su samu sararin nuni. Ya naɗa sabon rawani, wanda ya fi na da tsawo, ya sako jelarsa har gwiwa.

Da hantsi tsakar gidan Goggo ya cika. 'Yan kilando sun zo, Salmanu a gaba. Haladu ya rufe teburinsa ya zo. Mata sun hau katanga. Alhaji ne kawai bai iso ba, an ce yana hanya. Falalu ya ga jama'a, kansa ya ɗau zafi, ya kasa jira.

"A sako shi!" ya ce, lasifika ta amsa har tsuntsaye suka tashi.

Aka buɗe garke, mai buɗewar ya haye katanga. Bunsuru ya fito a hankali, yana tauna wani abu da ya yi kama da takalmi. Ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar haraji. Sannan idonsa ya tsaya kan Falalu.

Falalu ya nuna shi da yatsa. "Kai dabba! Daga yau an yanke tsakaninka da wancan mugun suna. Sunanka Natsattse! Natsattse, zo nan ka durƙusa!"

Bunsuru ya zo. Wannan kam ba a yi masa ƙarya ba, ya zo. Sai dai ya ja da baya taku kaɗan tukuna, ya sunkuyar da kai.

Dum!

Lasifika ta watsa wa duk Walia wani sauti kamar an jefar da buhun gero daga kan mota, sannan, "Wayyo tumbina!"

Falalu ya tashi da gudu, bunsuru ya bi shi. Suka zaga turmi, suka zaga rijiya, suka ratsa ta cikin shanyar kuɓewa. Falalu ya haye akurkin kaji, akurki ya ce bai ɗauki wannan alkawari ba, ya rushe. Kaji suka fito suna salati da harshensu. Ya nufi ƙofa, ya tarar jama'a sun tokare ta daga waje don kada abin ya fito musu. Ya ƙare a lungu tsakanin rumbu da katanga, ba gaba ba baya.

Nan bunsuru ya tsaya. Bai sake tunkuri ba. Ya ga jelar rawani tana jan ƙasa, ya sa baki ya kama, ya fara ci.

Abokina, ka san rawanin ta ƙarƙashin haɓa aka zagayo da shi. Bunsuru yana ci, yana matsowa. Yana ci, yana matsowa. Rawani yana gajarta, wuyan Falalu yana sunkuyowa, ƙahon nan mai kallon mutane yana ƙara kusantar idonsa.

Goggo ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Ɗan nan, kira sunansa!"

"Natsattse! Natsattse, bari!"

Bunsuru ya ƙara loma.

"Ba wannan ba! Na gaskiyar!"

"Na rantse ba zan faɗa ba, Goggo! Ke ki kira shi!"

"Wanda ya ɓata masa rai shi yake so ya ji. Yi maza, ya kusa kai wa gemu!"

Hancinsu ya haɗu. Falalu ya shaƙi numfashin bunsuru, ya ga duniya ta yi masa shuɗi. Ya rufe ido.

Daidai wannan lokaci motar Alhaji Junaidu ta shigo layin, shi da limamin unguwa da dattawa biyu. Direba ya kashe mota. Suna buɗe ƙofa, sai lasifikar kan darbejiya ta ɗauka da muryar da kowa ya sani, tana rawa, tana ratsa gonaki, tana haye kogi:

"Iblis! Iblis, ka yi haƙuri! Na tuba, na bi ka!"

Liman ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje.

Daga cikin gida Goggo ta ce, "Yabe shi! Ba ya jin haƙuri ba yabo!" Amma ita ba makirfo a wuyanta, ba wanda ya ji ta a waje. Abin da aka ji shi ne:

"Iblis na Walia, babban gwarzo! Kai ne gaba, ni ne baya! Duk abin da na faɗa a kanka ƙarya nake! Ni da kai ba faɗa, Iblis, ni naka ne har abada!"

"A'uzu billahi," in ji liman, ya mai da ƙafarsa cikin mota.

Masunta a bakin Shari suka ajiye taru. Wata mata a lambu ta saki tulu. A cikin gida kuwa bunsuru ya saki abin da ya rage na rawani, ya yi gyatsa a cikin makirfo, ya lanƙwashe ƙafafu ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar Falalu kamar tsohon aboki.

Haka Alhaji Junaidu ya shigo ya same su. Falalu a tsugune, kai ba rawani sai wani ɗan zobe na tsumma a wuya, gashin kaza a gemu. Salmanu yana kwance a ƙasa yana riƙe da ciki. Haladu ya jingina da katanga yana share hawaye.

Alhaji mutum ne mai kunya. Ya yi ta ƙoƙarin haɗe dariyarsa har wuyansa ya kumbura. Ya nemi bayani, aka yi masa daga farko. Ya sha kunun Goggo, ya dubi tsohuwar, ya dubi bunsurun, ya kaɗa kai.

"Jama'a," ya ce, "da ma gobe zan faɗa, amma bari in faɗa yau. Baiwar Allah da ta tsare wannan dabba a gidanta shekara da shekaru, ta hana shi fita ya gama da mutanen Walia, ban ga wanda ya kai ta hidima ba. Goggo, ki shirya, kujerar bana taki ce."

Mata suka rangaɗa guɗa daga kan katanga. Goggo ta saki muciya ta fashe da kuka, tana faɗin, "Kai, Alhamdulillahi! Ni Hidaya, Makka?"

Falalu ya zame ƙafarsa a hankali daga ƙarƙashin haɓar bunsuru, ya rarrafo gaban Alhaji. Ya manta makirfo na nan a wuyansa.

"Alhaji, Allah ya ƙara arziki," lasifika ta faɗa wa duk gari cikin raɗa, "ni fa? Ko baɗi? Ka duba wahalar da na sha."

Alhaji Junaidu ya dafa kafaɗarsa, ya sunkuyo, bakinsa daidai wuyan rigar.

"Malam Falalu, wallahi tausayinka nake ji. Hotonka da ƙaho ya shiga kowace waya, yau kuma ga mubaya'a ka yi a lasifika. In kai ka Mina ranar jifa, alhazai dubu dubai, kowa da tsakuwa a hannu yana neman Shaiɗan? A'a. Ba zan ɗauki alhakin ranka ba."